Ba Allura, Ba Aska: Sana'ar Mai Gyaran Magana

Kayan aikinsa ba za su cika jakar hannu ba. Ƙaramin madubi, tocila, 'yan siraran katakai na danne harshe, tsinken shan lemo, kofin ruwa, auduga, sai tarin katuna masu hoton kaza, ƙofa, bokiti da tsintsiya. In asibitin na da hali a samu na'urar ɗaukar murya da kwamfuta, in babu wayarsa ta wadatar. Shi ya sa mutane in aka turo su wurinsa daga ɓangaren kunne da hanci da maƙogwaro sukan shigo su waiwaiga, su ga ba gadon tiyata, ba warin magani, sai gwiwarsu ta yi sanyi. Sun yi sammako, sun kashe kuɗin mota, ga shi an zaunar musu da yaro ana nuna masa hoton kaza. Mai gyaran magana ba ya rubuta magani, ba ya allura, ba ya fiɗa. Aikinsa shi ne ya gano inda magana ta maƙale a jikin mutum, sannan ya yi ta horar da wurin har ya kama aikinsa, in kuma wurin ya lalace ya nemo wa maganar wata hanyar fita.

Abu na farko da ake koya masa shi ne babu wata gaɓa a jiki da aikinta magana kaɗai. Huhu na numfashi ne. Haƙora da harshe na abinci ne. Maƙwallato, akwatin guringuntsin nan da tsininsa ke fitowa a wuyan maza ake ce masa zakaran wuya, mai gadi ne da ke hana ruwa da loma faɗawa bututun iska. Magana aro take yi a wurinsu duka, kuma sai tsokoki wajen ɗari sun haɗa kai kafin jimla ɗaya ta fita daidai.

Daga numfashi ake farawa. Mutum in yana zaune shiru, shaƙa da fitarwa kusan kafaɗa da kafaɗa suke tafiya. Da ya buɗe baki lissafin ya canza: ya zuƙi iska farat ɗaya, sannan ya riƙa sakinta kaɗan-kaɗan, tsokokin haƙarƙari na riƙe da ƙirji kada ya sauka gaba ɗaya tun maganar ba ta kai ƙarshe ba. Iskar nan ta hau ta tarar da tantani biyu a cikin maƙwallato, tsawonsu a babban namiji bai cika wuce santimita 2 da rabi ba, na mace bai kai haka ba. Mutane da yawa na zaton tsoka ce ke kaɗa su. A'a, tsoka haɗa su kawai take yi. Iskar da ta taru a ƙasa ita ke tura su su buɗe, taushinsu da saurin wucewar iskar su dawo da su su rufe, a sake. A namiji hakan na faruwa kamar sau 120 a daƙiƙa guda, a mace sama da sau 200, a ƙaramin yaro wajen sau 300. Akwai wata 'yar tsoka a gaban maƙwallato da ke miƙar da tantanin. In ta ja, murya ta yi sama, in ta saki, ta sauko.

Sai dai abin da ke fitowa daga nan ba magana ba ce tukuna, ziza ce kurum. Wanda ya taɓa ganin mai algaita ya zare bakin algaitar ya busa shi shi kaɗai ya san wata 'yar siririyar ƙara yake yi marar daɗi, sai an mayar da shi jikin bututun sannan muryar da ta cika fada take fitowa. Bututun mutum shi ne maƙogwaro da baki da hanci, kimanin santimita 17 a babban namiji, kuma ya fi na algaita da abu guda: siffarsa canzawa take yi. Harshe ya tashi gaba a sami i, ya ja baya leɓɓa su zumɓure a sami u, muƙamuƙi ya sauka a sami a. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Gunnar Fant, shi ya shimfiɗa lissafin wannan rabon aiki tsakanin tushen sauti da bututu a littafinsa na 1960, kuma har yau a kansa mai gyaran magana yake tsayawa in ya tambayi kansa: matsalar nan a iska take, a tantani, ko a baki?

Abin mamaki, wanda tarihi ya fi tunawa da leƙa tantanin nan yana aiki a jikin rayayyen mutum ba likita ba ne. Malamin koyar da waƙa ne ɗan Sifen, Manuel García, wanda a 1854 ya sa ɗan madubin likitan haƙori a can ƙuryar bakinsa, ya haska da hasken rana ta wani madubin, ya ga nasa. Yau siririyar kyamara ake zurawa ta hanci, likita da mai gyaran magana su kalla tare a allo.

To, a nan ne sana'ar ta zo da wani zance da ya shafe mu. Ɗora yatsa a zakaran wuyanka ka ce kafa, sannan ka ce ƙafa. A ta biyun za ka ji abin ya yi tsalle sama. Wajen furta ƙ, tantanin maƙwallato rufewa yake ruf, bayan harshe ya toshe hanɗa, wato naman nan mai taushi na can ƙarshen rufin baki, sai maƙwallaton duka ya haura ya matse 'yar iskar da aka tsare a tsakani, a sake ta ta fashe. Huhu ba shi da hannu a ciki. Kana iya riƙe numfashinka ka yi ta fitar da ƙ da ts. A ɓ da ɗ kuwa ƙasa maƙwallaton yake yi, tantanin a ɗan matse. Ɗaliban Hausa sun san su da tunkuɗau da haɗiyau, sunayen da suka karanta a littattafai irin Tsarin Sauti da Nahawun Hausa na Farfesa Mu'azu Sani Zariya. Ga kuma karin sauti: wuyan da ke ɗauke da kai da wuyar da ake sha a rayuwa, baƙaƙensu da wasulansu a rubuce ɗaya ne, hawa da saukar murya na daga cikin abin da ke raba su a kunne. Ke nan Bahaushe yana sa maƙwallatonsa aiki uku a lokaci guda: ya ba da murya, ya rera karin kowace gaɓa, ya kuma yi sama da ƙasa yana ƙera baƙaƙe. Ingilishi bai ɗora wa nasa masu magana biyun ƙarshen ba. Amma yawancin littattafan sana'ar da katunan gwajin da ake sayarwa da Ingilishi aka tsara su, don bakin yaran Ingila da Amurka. Wanda ya ɗauko su ya ɗora wa yaron Gumel yadda suke, zai auna abin da yaron ba ya buƙata, ya tsallake abin da rayuwarsa ta rataya a kai.

Ba kuma baƙon ilimi ba ne a wurinmu, in an duba. Khalil bin Ahmad na Basra, a ƙarni na 8, ya jera ƙamusunsa Kitabul Aini ne bisa mafitar haruffa, daga maƙogwaro zuwa leɓe. Ɗalibinsa Sibawaihi ya faɗaɗa bayanin. Ibn Sina ya rubuta 'yar risala a kan musabbabin faruwar haruffa, har da bayanin guringuntsin maƙwallato da tsokokin harshe. Mafita 17 da Ibnul Jazari ya ƙidaya su ake haddacewa a makarantun Islamiyya har gobe. Malamin tajwidin da ke zaunar da yaro yana nuna masa inda ainun take fita, yana sa shi ya toshe hanci don ya ji ko gunnarsa ta tabbata, ɗan'uwan mai gyaran magana ne na kusa, ko da ba su san juna ba.

Wannan toshe hancin ma yana cikin gwaje-gwajen da ake yi wa yaron da aka haifa da tsagaggen leɓe da ganɗa, wanda a duniya akan samu kamar ɗaya cikin haihuwa 700. A ce yaro ne ɗan shekara huɗu, an ɗinke leɓen, an ɗinke ganɗar, tabon ya warke sumul. Uwar ta zauna a bakin kujera ta ce an yi aiki, an gode Allah, amma har yanzu ba mai gane zancensa sai ita. Mai gyara ya miƙa wa yaron kati mai hoton tsohuwa ya ce, "Wace ce wannan?" Yaro ya ce, "A'a." Ba gardama yake yi ba, kaka yake nufi.

Ga abin da ya faru. A bayan ganɗa akwai hanɗa, nama mai taushi da beli ke reto a ƙarshensa. Duk lokacin da za a furta wani sauti ban da 'yan hanci irin m da n, hanɗa takan ɗaga ta manne da bangon maƙogwaro ta rufe hanyar hanci, don iska ta taru a baki. In babu wannan taruwar, ba b, ba t, ba k. Yaron da ya fara koyon magana da rami a rufin bakinsa duk iskar da ya tara ta hanci take zurarewa, sai jikinsa ya nemi dabara: ya tare iskar a can ƙasa, a tantanin maƙwallato, inda ba ta da wurin gudu. Sautin da ke fita shi ne hamza. Likita ya toshe ramin, amma ɗabi'ar tana nan, don ƙwaƙwalwa ta riga ta haddace. A harshen da hamza ba harafi ba ce, kalmar gurgujewa kawai take yi. A Hausa kuwa hamza harafi ce mai zaman kanta, saboda haka wata kalmar daban ake ji.

Sai mai gyara ya ɗauko madubin, ya kara shi ƙarƙashin hancin yaron ya ce ya ce baba, baba, baba. In madubi ya yi gumi a kowane sauti, ko da yaron ya sa leɓe da harshe inda ya dace, to hanɗar ce ba ta kaiwa, kuma wannan ba aikinsa ba ne. Zai mayar da su wurin likitan fiɗa, wataƙila a yi aiki na biyu. Mai gaskiya a sana'ar nan ana gane shi ne a daidai wannan gaɓa, don akwai masu sa iyaye su yi wata da watanni yaro na hura balan-balan wai hanɗa za ta yi ƙarfi, alhali hurawa ba ta ƙara wa gajeriyar hanɗa tsawo. In kuwa hanɗar na rufewa, ɗabi'a ce kawai ta rage, sai a shiga aiki. Ya ɗora 'yar auduga a tafin hannun yaron, ya ce ya yi haaa a hankali kamar mai huci, don a h tantanin a buɗe yake, hamza ba ta da wurin shiga. Ana cikin hucin ya ce ya haɗa leɓɓansa ya sake. Auduga ta motsa. Yaron ya ga da idonsa iska ta fita ta baki. Daga nan a koma t, harshe a ɗan leƙo tsakanin haƙora inda za a gan shi a madubi, da raɗa tukuna, sannan da murya. Sautin ya zauna shi kaɗai, a sa shi a gaɓa, a sa shi a kalma, a sa shi a jimla, sannan a jira ranar da zai fito da kansa a tsakar gida ba tare da an roƙa ba. Mai lura yakan bar ƙ da ts da ɓ da ɗ zuwa ƙarshe, tunda su da kansu suna neman matse maƙwallato, abin da ake fama a raba yaron da shi.

Kafin su tashi yakan ce wa uwar, "Hajiya, minti goma da safe, minti goma da yamma, cikin wasa. In ya gaji a bar shi. Kada yayyensa su riƙa kwaikwayonsa." Ya kuma tura su gwajin ji, don yaran nan ruwa kan taru musu a bayan dodon kunne, kuma wanda ba ya ji sosai ba zai gyara furuci ba. Da an yi ɗinkin ganɗar da wuri, tsakanin wata 9 zuwa 18, da yawancin wahalar nan ba ta taso ba. Ƙungiyar Smile Train, wadda aka kafa a 1999, tana biyan kuɗin irin wannan aiki a asibitoci da dama a Najeriya. A Sakkwato kuma akwai asibitin yara masu cutar noma, wadda ke cin naman fuska da ƙashi. Shi ma a 1999 aka buɗe shi, ƙungiyar likitoci ta MSF na tallafa masa tun 2014, kuma a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cutar a jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bisa buƙatar da Najeriya ta jagoranta. Yaron da ya tsira daga noma sau da yawa muƙamuƙinsa a ɗaure yake, sai an koya masa buɗe baki da tauna kafin a zo zancen furuci.

Babban abokin hamayyar wannan sana'a aska ce. Yaro ya shekara biyu bai fara magana ba, sai a ce linzami ne, a kira wanzami. Linzami gaskiya ne, akwai jariran da zaren ƙarƙashin harshensu ya yi gajarta har ya hana su kama nono, kuma a asibiti ma ana yanka shi. Amma ba ya hana yaro fara magana. Jariri kan fara gwalantu wajen wata 6, kalmar farko wajen shekara, haɗa kalma biyu wajen shekara biyu. Wanda ya makara ƙwarai, kunnensa ya kamata a fara dubawa, musamman in ya yi sanƙarau ko ƙyanda ko shawara mai tsanani yana jariri. Cire beli kuwa, ban da zubar jini da haɗarin sandarewar jiki daga ƙarfe marar tsabta, yana da wata illa a ɓoye: belin da ya rabu biyu alama ce ta tsagar da ke ɓoye ƙarƙashin fatar ganɗa, kuma in aska ta zarce ta ci hanɗa, yaro na iya tashi da magana ta hanci. Kada a ce wanzamanmu kaɗai suka yi wannan zato. A 1841 wani babban likitan fiɗa a Berlin, Johann Dieffenbach, ya riƙa yanke tsoka daga gindin harshen masu i'ina, ba ko maganin kashe zafi. Likitocin Faransa da Ingila suka ɗauka, wasu marasa lafiya suka mutu, i'inar kuma ba ta tafi ba, sannan aka watsar.

I'ina ba a harshe take ba. Takan fara tsakanin shekara 2 zuwa 5, ta taɓa kamar yara 5 cikin 100, mafi yawansu ta sake su da kanta, ta zauna wa kamar mutum 1 cikin 100, maza sun ninka mata wajen sau huɗu. Tana bin jini, kuma tushenta yana cikin yadda ƙwaƙwalwa ke tsara lokacin motsin gaɓoɓin furuci. Shi ya sa mai i'ina zai rera waƙa tas, ya bi sahun karatu da 'yan ajinsu ba tuntuɓe, amma a ce ya faɗi sunansa shi kaɗai ya kafe. Mai gyara yana koya masa shiga kalma da taushi, jan wasali kaɗan, tsayawa ya saki tsokar da ta ƙage maimakon ya yi kokawa da ita. Rabin aikin ma ba a bakin yake ba, a tsoron da shekaru suka tara yake. Ana cewa masu i'ina akwai zuciya. Ni dai ina ganin duk wanda aka yi shekara ashirin ana ƙarasa masa magana ana ce masa "yi sauri mana", dole ya yi zuciya. Wanda ya fi shahara a sana'ar, Lionel Logue ɗan Ostireliya, ba likita ba ne, malamin koyar da iya jawabi ne da ya goge a kan sojojin da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɗauke wa magana. A 1926 ya fara aiki da yariman da ya zama Sarki George na Shida, mahaifin Sarauniya Elizabeth da aka yi wa hawan daba a Kaduna a 1956. Shekaru suka yi tare, kuma sarkin bai rabu da i'ina ɗungurungum ba; iya sarrafa ta ya yi har ya riƙa yi wa ƙasarsa jawabi ta rediyo a lokacin yaƙi. Duk wanda ya yi maka alkawarin warkewa cikin sati biyu, kuɗinka yake so.

A ɗakin kwanciya na manya kuma wani aikin ne daban. Dattijo ne hawan jini ya kayar, ɓarin dama ya shanye. Mai gyara ya durƙusa gefen gado ya ce, "Baba, ina kwana?" Tsoho ya amsa, "Lafiya lau," garau, kamar ba abin da ya same shi. Ya ɗaga kofi ya ce, "Baba, mene ne wannan?" Shiru. Leɓɓa na motsi, ido ya kawo ruwa, kalmar ta ƙi zuwa. An jima a ji shi yana karanta Fatiha ba gargada. A nan 'yan'uwa ke rabuwa biyu, wasu su ce sammu ne, wasu su ce fushi yake da su. Ba ko ɗaya. Tun 1861 Paul Broca ya nuna wa likitocin Paris ƙwaƙwalwar wani majiyyaci mai suna Leborgne, wanda ya shekara 21 a asibiti ba ya iya cewa komai sai "tan", alhali yana gane abin da ake faɗa masa. Lalacewar tana gaban ɓarin hagu. A 1874 Carl Wernicke ya bayyana wani gurbin a baya kaɗan, wanda in ya taɓu magana na zuba amma ba ma'ana, mai ita kuma ba ya gane ta wasu. Tunda ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa ke juya ɓarin dama na jiki, shanyewar dama ce ta fi zuwa da ɗaukewar magana. Gaisuwa da ƙirga da abin da aka haddace tun yarinta sun bi wata hanyar da ta fi jure ɓarna, shi ya sa suke tsira. Da su mai gyara ke yin tsani: ya fara "ɗaya, biyu," tsoho ya ce "uku", ya ce "ana shan ruwa a," ya dakata, wata rana kofi ya faɗo. Wasu masana a Boston sun tsara hanyar rera gajerun jimloli ana buga hannun hagu a 1973, kuma ana amfani da ita har yanzu. Sai mai gyara ya kuma tantance ko kalmar ce ta ɓace, ko tana nan tsokar baki ce ta yi rauni, don horon kowanne daban.

Amma kafin duk wannan, ruwa zai ba shi a cokali, ya sa yatsu a wuyansa. Wajen haɗiya maƙwallato kan haura, marfinsa ya kife, tantanin ya rufe, duk cikin ƙasa da daƙiƙa. Bayan shanyewar jiki wannan tsari kan makara, ruwa ya sulale huhu, wani lokaci ko tari babu. Mai gyara yana sauraron muryar bayan haɗiyar, in ta fito da gurgurar ruwa ya san akwai matsala. Zai ce a daina ɗura masa ruwa yana kwance, a tayar da shi zaune sosai, a ba shi kunu mai kauri a cokali maimakon tsinkakke, a wanke masa baki bayan kowane ci. Ciwon huhun da ke biyo bayan irin wannan ƙwarewa yana cikin abubuwan da ke kashe masu shanyewar jiki a makonnin farko, saboda haka a nan sana'ar rai take ceta, ba furuci ba.

Masu cin abinci da murya su ma suna zuwa, galibi a makare: ladani, malamar firamare mai yara ɗari a aji, ɗan kamasho, mai wa'azi, maroƙi. Tantanin da ake gwarawa da ƙarfi kullum yakan yi kanta a gefe biyu, ya kasa haɗuwa, murya ta dushe. Ƙurar hunturu, ƙwannafi, taba da shisha, da yawan gyaran murya suna ƙara ta'azzara abin, raɗa kuma ba hutu ba ce kamar yadda ake zato. Magani shi ne ruwa, lasifika, da horo irin na yin murya ta tsinken lemo da aka tsoma a kofin ruwa, wanda ke sa tantanin ya yi aiki ba tare da gwaruwa ba. Dushewar da ta wuce sati uku ko huɗu dai sai an leƙa da kyamara, musamman ga mai shan taba. Akan kuma samu wadda aka yi wa aikin maƙoƙo ta farka da murya kamar iska, don jijiyar da ke motsa tantanin ta bayan maƙoƙon take wucewa.

Mafi nauyi shi ne wanda cutar daji ta sa aka cire masa maƙwallato ɗungurungum, aikin da Theodor Billroth ya fara yi a Viyana a 1873. Daga ranar ta rami a wuya yake numfashi, iskar huhu ba ta sake bi ta baki. Hanya uku ce ta rage masa: ya koyi cusa iska a hanyar abinci ya dawo da ita kamar gyatsa ya ƙera magana da ita, ko ya kara wata na'ura mai ziza a wuya, ko a sa masa ɗan bawul tsakanin bututun iska da hanyar abinci, irin wanda Blom da Singer suka fito da shi a 1980. Bawul ya fi daɗin ji, sai dai daga waje ake kawo shi kuma yana son canji duk bayan 'yan watanni. Na'urar kuwa, irin wadda aka fi samu, murya ɗaya take bayarwa shimfiɗe, ba hawa ba sauka. Mai Ingilishi zai yi maneji da ita, a dai ce maganarsa ba armashi. Bahaushe ya rasa kari, ya kuma rasa gaɓar da ke ƙera ƙ da ɓ, saboda haka sai an koya masa jan dogon wasali sosai, da gajarta jimla, da jingina da abin da ake zance a kai don mai sauraro ya cike gurbi.

Shiga sana'ar sai da digiri. Ana karanta ƙirar jiki, jijiyoyi, ilimin furuci, girman yara da gwajin ji, sannan zaman koyo a asibiti. Jami'ar Ibadan na cikin wuraren da suka daɗe suna koyar da fannin, lasisin aiki kuma daga hukumar MRTB ake karɓa, wadda dokar 1988 ta kafa don masu gashin ƙashi da masu gyaran magana da takwarorinsu. Ba su da yawa, kuma a manyan birane suka taru. Aikin ba ya kawo kuɗi da sauri: zama ake biya, iyali su zo sau uku ko huɗu kuɗin mota ya gagara, su ɓace. Masu dabara sun koma horar da uwa ko ɗa ko matar majiyyaci, a riƙa turo muryar ta WhatsApp suna saurara suna gyarawa.

Wanda bai ji Hausa ba kuma, ko ya fi kowa takarda, da tafinta zai yi aiki, kuma tafinta ba zai gaya masa cewa yaron ya ce bari a maimakon ɓari ba. Gyara masa zai yi ya wuce. Ina ganin matasan da suka karanta tsarin sauti a sassan Hausa, ko suka yi tajwidi da gaske, sun riga sun mallaki kunnen da sana'ar ke nema, saura ilimin jikin. Wanda ya ji Hausar ma sai ya san wace Hausa. Yaron Sakkwato da ya ce hwara ba tsamin baki gare shi ba, haka ake cewa a gidansu. Hausa na da r iri biyu, ta kaɗawa da ta garawa, kuma ba kowane gari ne ke raba su a wuri ɗaya ba. A zangon Kumasi da Akara, masu Hausa da yawa ba sa bambanta k da ƙ ko d da ɗ, kuma lafiyar maƙwallatonsu ƙalau. Saboda haka kafin ya rubuta cewa yaro na da matsala a wani harafi, mai gyaran magana yakan juya ga uwar ya miƙa mata katin, ya ce ita ma ta faɗi sunan abin da ke jiki.